Wanda Ke Rufe Wa Raɓa Hanya

Litinin uku a jere Auta yana zuwa asibitin haihuwa duba aikinsa, kuma duk ukun a rufe yake tarar da bawul ɗin, makunnin da ke sakar wa bututai ruwa. Ranar farko ya ɗora wa kansa laifi, ya ce ƙila shi ne ya manta bai buɗe ba bayan gwaji. Ta biyu ya buɗe ya tafi yana waiwaye. A ta uku kam sai ya tsaya gaban akwatin ƙarfen da bawul ɗin ke ciki ya riƙe ƙugu. Bawul ba ya juya kansa. Akwai hannun da ke juya shi, kuma mai hannun yana nan cikin asibitin yana amsa gaisuwarsa kullum.

Auta mai gyaran famfo ne. Ya shekara ashirin yana rarrafe a banɗakunan mutane kafin wani kamfani ya ɗauke shi ya koya masa aikin kashe gobara da feshin ruwa, kuma tun daga ranar duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi sai ya sha bayani. Ba irin ruwan tiyo ba ne, in ji shi, wanda ke kashe wuta ya haɗa da kayan ɗaki. Siraran bututai ne ake bi da su ta rufi, a jera musu kawunan feshi masu huda da ba ta kai kafar allura ba. A bakin kowane kai akwai 'yar kwalba ƙarama. In zafi ya yi yawa sai ta fashe, ruwa ya fito da ƙarfi ya zama wani farin feshi mai laushi, feshin ya taɓa wuta ya koma tururi, tururin ya cika ɗaki ya sanyaya wutar ya hana ta numfashi. Abin da motar kashe gobara za ta yi da tanki guda, shi da 'yan bokitai ya gama. Sharaɗi biyu ne kawai, bawul a buɗe, ƙofar ɗaki a rufe. Da ma'aikatan asibitin suka gaji da jin wannan karatu sai suka raɗa wa abin suna raɓa, shi kuma suka koma ce masa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ɗakin da ya fi damunsa shi ne ɗakin takardu, can ƙarshen barandar ƙasa. Ba taga, ƙofa ɗaya, kantocin ƙarfe tun daga ƙasa har rufi, kowace cike da manyan littattafan rajistar haihuwa na shekara sittin da ɗoriya, takardu busassu ƙamas. A tsakiyarsu Yaya ke zama daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma.

Yaya ita ta rene shi. Mahaifiyarsu ta rasu wajen haihuwarsa a wannan asibitin, lokacin Yaya tana da shekara goma sha huɗu, ta goya shi, ta ciyar da shi, ta zane shi in ya yi ba daidai ba. Yanzu furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har yau in ta ce "Auta" da wata irin murya sai ya duba ko rigarsa ta yi datti. Ya taɓa ƙirga takun da ke tsakanin teburinta da ƙofa, goma sha ɗaya ne, duk ta tsakanin takardu. Shi ya sa da asibitin ya ba kamfaninsu aikin ya nace sai an fara da ɗakinta. To ga shi an gama, tanki cike, bututai na ƙyalli, wani mara tsoron Allah kuma yana bin bayansa yana toshe hanyar ruwan. In wuta ta tashi bawul yana rufe, kwalaben za su fashe a banza, Yaya kuma tana ciki.

Bawul ɗin yana baranda, dab da ƙofarta, da ɗan jan sitiyari kamar faranti wanda ake murɗawa. Ba a sa wa akwatinsa kwaɗo, haka ƙa'ida ta ce, don in wuta ta mutu a samu a tsayar da ruwan da wuri. Ke nan duk mai wucewa zai iya kai masa hannu.

Mutum uku Auta ya jera a ransa. Na farko mai gadin barandar, dattijo mai rediyo a kunne, wanda duk abin da ya yi kama da famfo sai ya murɗa ya ga ko zai cika buta. Na biyu Manaja, wanda tun farko bai so aikin ba, har ya faɗa a gaban mutane cewa in abin ya ƙi a kwance shi kowa ya huta. Na uku, wanda ya fi kwanta masa a rai, shi ne Mai Jan Tulu, mutumin da ke zuwa cika jajayen tulunan kashe wuta, wanda raɓa ta raba shi da ɗakin takardu. Shi ne ya taɓa cewa da raɓa na kashe wuta da ba a taɓa yin gobara da sassafe ba, mutane suka yi dariya, Auta ya riƙe abin.

Duk wannan a gaban Yaya yake zazzage shi, don in ya gama dubawa ɗakinta yake shiga ta zuba masa shayi daga fulas.

"Yaya, yau ma an rufe."

"Ikon Allah," in ji ta, ba ta ɗago daga rubutunta ba.

"Wallahi in na kama shi sai ya san ya taɓa ni. Da ranki fa ake wasa."

"Mutanen yanzu sai addu'a. Sha shayinka kada ya huce." Ta juya shafi. Can ta nuna rufi da bayan biro. "Wai wannan 'yar kwalbar taka, in ta ga dama ta fashe haka kawai fa, ba wuta ba komai?"

Ya yi dariya. "Ba ta da dama, Yaya. Sai zafi, ko kuwa wani ya buge ta."

"Wani ya buge ta," ta maimaita a hankali, ta ci gaba da rubutu.

Shi bai ji komai a maganar ba. Hankalinsa yana kan Mai Jan Tulu.

Dabarar a wurin wani amininsa mai juya ƙarfe ya samo ta. Suna da wani shuɗin mai mai kauri da suke shafa wa ƙarfe don su ga inda yake gugar ɗan'uwansa. In ya kama fata, sabulu sai dai ya ƙare, ba ya fita sai ya kwana huɗu ko biyar. Auta ya karɓo kaɗan a murfin kwalba. Ran Litinin ya buɗe bawul, ya waiga hagu ya waiga dama, ya shafe bayan sitiyarin da shunin, daidai inda yatsu ke kamawa, inda ido ba ya gani. Ya so ya gaya wa Yaya, ya leƙa ya tarar da mata uku a kanta suna neman takardun 'ya'yansu, sai ya wuce. Abu ɗaya ke nan da ya taɓa ɓoye mata a rayuwarsa, shi ma ba da niyya ba.

Washegari da hantsi ya dawo. Bawul a rufe, ga sawun yatsu huɗu raɗau a cikin shunin. Siraran yatsu ne, amma bai tsaya a kan wannan ba, daɗi ya riga ya kama shi. Sai ya shiga gaisawa. Mutumin da a da ɗaga hannu kawai yake yi daga nesa, yau ga shi yana bin maza ɗaya bayan ɗaya da musafaha hannu bibbiyu, in ya kama sai ya ɗan juya tafin ya leƙa.

"Injiniya, duba ka koma yi?" in ji mai gadi, ya bar masa hannun. "To duba mini da kyau, zan ƙara tsawo?"

Tafinsa fes. Manaja ya miƙo yatsu biyu yana masa kallon mai neman alfarma, su ma fes. Sai ga Mai Jan Tulu a bakin ƙofar asibiti, ran da ba ranar zuwansa ba, hannun dama cikin aljihu. Auta ya nufe shi. Ya tare shi da fara'ar da bai taɓa yi masa ba, ya miƙa hannu. Mutumin ya miƙo na hagu.

"Haba, maigida, da dama ake gaisawa."

"Daman ba lafiya."

"Mu gani mana, ƙila na san maganin."

"Kai likita ne?"

Auta ya kama masa gwiwar hannu, ya ja, shi ma ya ja, har masu jiran awo suka fara miƙa wuya. Da hannun ya fito sai ga babban yatsa ya kumbura suntum, naɗe da bandeji. Ashe wankin ciwo ya zo wata nas ta yi masa.

"Ka ga abin da kake nema?" in ji Mai Jan Tulu. "Ko in cire maka takalmi ma ka duba ƙafa?"

Kafin azahar Auta ya gaisa da duk namijin da ke aiki a asibitin, har direban motar marasa lafiya da mai yankan fulawa, bai ga ɗigon shuɗi ba. Mata kuwa ko a ransa bai kawo su ba. A kansa bawul abin maza ne, kuma a asibitin da kusan duk ma'aikatansa mata ne yake wannan lissafi.

Ya shiga ɗakin takardu a gajiye ya zube kan kujera. Yaya tana zaune, hannun dama naɗe da gefen mayafi a kan cinya, tana juya shafi da hagu. Ba ta zuba masa shayi ba, ta ce ya zuba da kansa.

"Me ya samu hannun?"

"Sanyi."

Sanyi, a ɗakin da mutum ke gumi ko yana zaune. Bai kai ga cewa komai ba wata nas ta leƙo tana neman littafin wata shekara, ana jira a ofis.

"Auta, miƙo mata. Kanta ta huɗu, na biyu daga sama."

Ya miƙe har ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Shekara talatin Yaya tana ɗakin nan, bai taɓa ganin ta bar wani mahaluƙi ya taɓa mata littafi a kan kanta ba. Manaja kansa sai dai ya nuna da baki. Shi Auta ya taɓa shan rula a bayan hannu, yana da aure da 'ya'ya, don kawai ya jingina da kanta. Ya sauko da littafin ya ba nas ɗin, ya jira ta fita, ya tura ƙofar.

"Yaya, nuna mini hannunki."

"Ni kake ba umarni?"

"Roƙo nake."

Ta dube shi. Sannan ta warware mayafin ta ajiye hannun a kan tebur, tafin a sama. Yatsu huɗu shuɗi, fatar gefensu ta yi ja saboda dirza.

"Sabulu guda na ƙarar," ta ce. "Ashe aikinka ne. Ka girma, Auta. Ka kai ka ɗana wa wadda ta goya ka tarko."

"Ba ke na ɗana wa ba!"

"To wa ya kama?"

Kunya da haushi suka kama shi. Wata guda yana zaune a kujerar nan yana zagin mai rufe bawul, ita kuma tana ƙara masa shayi. Ya ci mutuncin bawan Allah mai ciwon yatsa a bainar jama'a.

"Me na yi miki? Saboda ke fa na yi aikin nan."

"Kai wuta kake tsoro don a wurin koyon aiki aka nuna maka ita," in ji Yaya. "Ni shekara talatin ban taɓa ganin wuta a ɗakin nan ba. Ruwa na gani. Shekarar da bututun banɗakin sama ya fashe, kana ina? Na zo da safe na tarar da littattafai sun sha sun kumbura kamar burodi a shayi. Kwana arba'in ina raba shafi da shafi da bakin wuƙa, ina shanyawa a baranda. Tawada ta narke, suna ya shiga cikin suna. Rajistar shekara biyu cur ta tafi. Har yau mace za ta zo neman takardar ɗanta zai shiga makaranta ko zai yi tafiya, in dube ta in ce ruwa ya ci. Sai kuma ƙanena ya zo ya rataye mini tanki guda a ka, ya ce in kwantar da hankalina, 'yar kwalba ce ke riƙe da shi."

"Ba irin wancan ruwan ba ne, Yaya. Feshi ne, ko bokiti biyu..."

"Takarda ba ta san feshi ba. Jiƙa jiƙa ce."

Ta juya ta dubi kantar da ke bayan kujerarta. Akwai littafi ɗaya a wurin naɗe da farin ƙyalle, wanda ya sha gani bai taɓa tambaya ba, a zatonsa na haihuwar wani babban mutum ne.

"Ka san wancan? Na shekarar da aka haife ka ne. Ran da aka kawo Inna aka ce ta sa hannu, ba ta iya rubutu ba, sai ta dangwala yatsa. Ba ta da hoto, Auta. Kayanta an raba tuntuni. Yatsan nan shi kaɗai ya rage mana nata. Saboda shi na nemi aikin nan. Ɗigo ɗaya ya isa ya shafe shi."

Auta ya kafa wa littafin ido. Shekara arba'in da biyu bai san akwai abin Inna da ido zai iya gani ba, ga shi kullum yana shan shayi taku uku daga gare shi.

"Ki nuna mini."

"Ran da ka sauke ruwanka daga kaina."

"Ba zan sauke ba."

"To ba ka gani ba."

Ya san abin da aikinsa ya ce ya yi, ya je ya gaya wa Manaja. Amma saura mata shekara biyu ta ajiye aiki da mutuncinta, kuma ba shi da bakin da zai kai ƙarar Yaya wurin kowa. Ya fita ya murɗe bawul ɗin har ƙarshe, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na buɗe. Littafi in ya jiƙe ana shanya shi, Yaya. Ke in kika ƙone a ina zan shanya ki? Don girman Allah ki bar shi haka. In kuma ta faru, ki fita ki ja ƙofa, kada ki tsaya ɗaukar komai."

"Na ji."

Ya san "na ji" ɗin Yaya tun yana yaro. Kunne ne kawai ya ji, sauran jikin bai ce komai ba. Don haka kafin ya bar barandar ya sake fito da murfin kwalbar ya ƙara shafa shunin, yana yi yana jin kansa kamar ɓarawo.

Daga nan ya daina jiran Litinin. Yau ya faɗo da sassafe, gobe da la'asar, jibi ya ƙi zuwa, gata ya zo sau biyu. Kullum bawul a buɗe, shuni yana nan ba sawu. Maimakon hankalinsa ya kwanta sai ya ƙara tashi, don ya san wayon Yaya. Shayin ma ya canza ɗanɗano. In ta miƙo masa kofi idonsa a kan yatsunta yake sauka kafin ya hana shi, ita kuma ta gani, sai ta juya tafin a hankali ta bar shi a buɗe a kan tebur har ya kawar da kai. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Abin yana masa ciwo, amma bai daina leƙawa ba.

Sati biyar ana haka. Ran wata Alhamis wajen sha ɗaya na safe, yana saman tsani a wani ma'ajin kaya can ɗaya gefen gari, wayarsa ta yi ƙara. Mai gadi ne.

"Injiniya, ka zo! Wuta a ɗakin yayarka!"

"Tana ina?"

"Hayaƙi ne ko'ina, ban..."

"Raɓar tana fita? Baba, raɓar tana fita?"

Wayar ta katse. Bai san yadda ya sauko daga tsanin ba, bai san danja nawa ya tsallake a kan babur ba. Abu ɗaya ke masa yawo a kai, jiya da yamma ya duba a buɗe yake, amma tsakanin jiya da yanzu akwai safiya guda, kuma safiya guda ta ishi Yaya.

Ya tarar da baranda cike da mutane da warin ƙonanniyar roba. Ya kutsa ta tsakaninsu. Ƙofar ɗakin takardu a rufe, wani farin tururi yana silalowa ta ƙarƙashinta, daga ciki ana jin shuuu ba tsayawa. Yaya tana zaune a ƙasa ta jingina bayanta da ƙofar, mayafi ya zame, tana tari. Hannayenta biyu a kan gwiwa, shuɗi tun daga yatsu har tsintsiyar hannu.

Ya durƙusa ya dudduba ta, fuska, wuya, ƙafa. Ba ƙuna. Ya zauna daɓas a gabanta. Sai idonsa ya kai kan akwatin bawul da ke hangame. A ƙasansa ga wani tsumma a yashe, shi ma da shuɗi a jiki. Ya dubi tsumman, ya dube ta.

"Da shi na rufe," ta ce, ba ta jira tambaya ba. "Don kada ka gani."

"Yaya..."

"Mai gyaran lantarki ne ya zo canza fitilar can ƙarshe. Na ga kan tsaninsa yana ta kai wa 'yar kwalbarka gaisuwa. Kai ka ce in aka buge ta za ta fashe. Na ce bari in rufe, in ya gama in buɗe. Ya kwance wayoyi ya ce zai je ya sayo wani abu ya dawo. Ina rubutu na ji ƙauri. Na ɗaga kai na ga robar fitilar tana narkewa tana ɗiga da wuta a kan kantar ƙarshe." Ta yi tari. "Na ji kwalbarka ta fashe, Auta. Ƙas, na ji ta da kunnena. Na tsaya ina jira. Ba abin da ya fito."

Ya rufe ido.

"Littafin Inna yana bayana, ƙofa tana gabana. Na yi taku ɗaya wajensa, sai na ji muryarka a kaina kamar rediyon Baba mai gadi. Na fito. Abin naka kuma tauri gare shi, sai da na sa hannu biyu. Da na ji ya fara shuuu na ja ƙofar." Ta dubi hannayenta. "Na rufe su a ciki da wuta da ruwa. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba."

Masu kashe gobara suka iso suna jan tiyo mai kaurin cinya. Yaya da ke numfashi da ƙyar sai ga ta tsaye ta tare ƙofa.

"Kada wanda ya shigar mini da wannan abin!"

Babbansu ya dube ta, ya dubi Auta, ya taɓa ƙofar da bayan hannu ya ji ta da sanyi. Ya buɗe kaɗan ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce wa mutanensa su naɗe kayansu, an riga su. Auta ya rufe bawul da hannunsa.

Sai da hayaƙi ya fita aka bar su suka shiga. Ƙasa ta yi danshi amma ko tafin takalmi ruwan bai rufe ba. Bangon littattafan ya yi sanyi kamar wankin da ya kusa bushewa. Yaya ta bi kantocin ɗaya bayan ɗaya tana kallo, hannayenta a ɗage nesa da jiki don kada ta shafa wa wani abu shuni. A kantar ƙarshe ta tsaya. Layi uku na sama sun zama baƙin toka, gefen na huɗu ya babbake, daga nan wutar ta tsaya cak. Ba ta bukatar karanta bango ta san na wace shekara ne.

"Shekara uku," ta ce. "Da a buɗe yake fa?"

Ya so ya yi mata ƙarya. Bai taɓa iyawa ba.

"Da ƙila littafi ɗaya ne, ko biyu."

Ta gyaɗa kai. "In uwayensu suka zo ba zan ce wuta ta ci ba. Ni ce."

Ta dawo wurin teburinta ta tsaya gaban littafin nan mai farin ƙyalle. Ƙyallen ya yi danshi. Ta kai hannu, ta ga hannun, ta janye. Ta sake kaiwa, ta sake janyewa. Shunin da ya shafa don ya kama ta shi ne yanzu ya tsaya tsakaninta da abin da take tsaro shekara talatin.

"Sauko da shi," ta ce. "Goge hannunka tukuna. Ba a wando ba, a cikin riga."

Ya goge, ya sauko da shi ya ɗora a tebur, ya warware ƙyallen. Bangon a bushe yake.

"Shafi na ɗari da tara. Ta gefe ake kamawa, ba a lasar yatsa."

Ya buɗe a hankali. Takardar ta yi rawaya, layuka a jere da rubutun wata nas da ta daɗe da barin duniya. Wajen tsakiyar shafin ga sunan Inna. A gabansa, inda wasu suka sa hannu, ga ɗan zanen babban yatsa, ƙarami, ya ɗan karkace gefe kamar an dangwala shi cikin ciwo, kowane layi nasa yana nan bai narke ba. A gidan ƙarshe an rubuta: namiji, da rai.

Auta ya sunkuya. Ƙwalla ta taho masa. Shafin ya fara rawa a idonsa, ya ƙara matsowa don ya gani da kyau.

Yaya ta sa gwiwar hannu ta ture masa ƙirji.

"Ja da baya, Auta," ta ce a hankali. "Kada ka ɗiga mata ruwa."